WATAN BAKWAI MAƘARAR RANI: KARATUN ALAMUN DAMINA A DAJI DA GONA

(Laccar da aka gabatar a zauren taro cikin bazara, bisa gayyatar Ƙungiyar Ɗalibai. Mun buga ta kamar yadda aka karanta ta.)



Ran da takardar gayyatarku ta iso mini, aka ce in zo in yi magana a kan kallon namun daji da tsuntsaye da alamun juyawar shekara, wani abokin aikina ya leƙa ya karanta, ya yi dariya, ya ce, "Duk matsalolin da ke damun ƙasar nan, a rasa abin da za a tara 'yan jami'a a kansa sai kallon tsuntsu?" Ban ba shi amsa ba a ranar. Amsar ce na zo da ita yau, kuma zan fara ta da labarin wata kunya da na sha.

DARASIN GINDIN GAWO

Shekarar da na fara aikin malamin gona, an tura ni wani ƙauye a arewacin ƙasar Hausa. Cikin watan Mayu aka yi ruwa mai ƙarfi dare ɗaya, ƙasa ta jiƙe fiye da taƙi. Da gari ya waye na hau kekena ina bin unguwanni, ina ce wa mutane su fita shuka, don na auna ruwan da ma'auni, ya kai abin da littafi ya ce. Na iske wani dattijo zaune a gindin gawo yana gyaran ƙotar fartanya. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ba za a fita ba ne?" Ya ɗaga kai ya dubi itacen, ya ce, "Malam, dubi gawon nan, ganyensa na nan cif. Shamuwa ta zo, amma ba ta fara ɗaukar kara ba. Jiya da asuba kuma iskar da ta taɓa ni busasshiya ce. Wannan ruwa baƙo ne, wucewa zai yi. Ni irina mudu huɗu ne, ba ni da na shuka biyu."

Na tafi ina ce wa raina jahilci ne. Waɗanda suka bi maganata suka shuka, gero ya tsiro kore shar, sa'an nan sama ta ɗauke kusan mako uku, tsiron ya ƙone ƙurmus. Wasu sai da suka ci bashi suka sayi iri. Babu wanda ya zage ni, amma na daɗe ban iya ratsa kasuwar garin da kaina a ɗage ba. Ma'aunina bai yi ƙarya ba. Abin da ya faɗa mini shi ne ruwan da ya sauka jiya. Dattijon kuwa yana karanta abin da ke tafe. Tun daga ranar na sayi ɗan littafi na aljihu, na shiga rubuta abin da idona ya gani, da kwanan wata.

ABIN DA KE KAWO RUWA

Turawa suna da wani lokaci na shekara da suke ɗoki ƙwarai, watau sa'ad da sanyin hunturunsu ya karye, ƙanƙara ta narke, itatuwa su yi toho, tsuntsaye su komo. Masu fassara sukan kira shi bazara, domin ya yi daidai da watannin Maris zuwa Mayu. Amma bazararmu ba ta yi kama da tasu ba. Tamu zafi ce da gumi da ƙafewar rijiya. Farkawar ƙasa a wurinmu tana zuwa ne a tsakanin ƙarshen bazara da faɗuwar damina, lokacin da manoma ke cewa, watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Wannan watan bakwai kuwa na lissafin manoma ne, yakan faɗo wajen watan Mayu.

To, mece ce alamar, kuma daga ina take? Iska biyu ne ke kokawa a kan Afirka ta Yamma. Ɗaya busasshiya ce mai tasowa daga hamada ta arewa maso gabas, ita ke kawo mana hazo da ɗari. Ɗaya kuwa mai laima ce, daga Tekun Atalantika take zuwa ta kudu maso yamma. Iyakar da ke tsakaninsu tana bin rana, tana matsowa arewa sannu a hankali. Shi ya sa Legas ke samun ruwa tun Maris, Zariya wajen Mayu, Kano da Katsina ƙarshen Mayu zuwa Yuni, Damagaram da Tawa kuwa sau da yawa sai an kusa shiga Yuli. Abin lura a nan shi ne, iskar mai laima takan riga ruwan isowa da makonni, domin sai ta yi kauri a sararin sama kafin ta iya haɗa hadari na sosai. A cikin waɗannan makonni ne jikinka ke daina bushewa, gumi ya riƙa tsayawa a riga, tsagewar leɓe ta warke. Itace da ƙwaro da tsuntsu suna jin wannan sauyi kamar yadda kake ji, har ma sun fi ka. Abin da dattijon nan ya ce game da iskar asuba, ilmin yanayi ne tsantsa, sai dai bai koye shi a aji ba.

ITATUWA SU NE SHAFIN FARKO

Wanda zai koyi wannan karatu, ya fara da itatuwa, don su ba sa tashi su gudu. Ɗorawa takan rataya jajayen furanninta masu kama da tuntu tun cikin rani, kafin bazara ta yi nisa kuma ta sako 'ya'ya. Rimi ya fasa audugarsa iska ta kwashe. Mangwaro ya nuna. Sa'an nan abin mamaki ya biyo baya: kuka, wadda ta yi wata da watanni tsirara, sai ka wayi gari ta yi toho alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Da ruwan da ta adana a cikin kututturenta take yin wannan, tana amsa kiran tsawon yini da zafi da laimar iska. Furenta fari ne, da dare yake buɗewa, jemagu ne ke zuwa shan zaƙinsa suna ɗaukar garin fure daga wannan itace zuwa wancan. Wanda ya kashe jemage, ashe miyar kuka ya taɓa. Kaɗanya ita kuma takan fara zubar da 'ya'yanta daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ta riƙe cikin mai noma da yaransa.

Gawo shi ne ya saɓa wa kowa. Yana kore duk rani, yana ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, in damina ta kama kuwa sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya fari fat. Ganyen ya zama taki, inuwarsa ba ta tsare wa gero rana ba, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun san darajarsa, har suka kafa doka mai tsanani ta hana sare shi.

SHAMUWA DA MASU SAUYA RIGA

A cikin tsuntsaye babu wadda ta kai shamuwa suna wajen bushara da damina. Tana isowa ƙasar Hausa cikin Afrilu ko Mayu, ta sauka a tsakiyar gari, kan kuka ko tsamiya, ta yi sheƙa kusa da mutane, ba mai jifanta. Abincinta fara da tsutsa da kwaɗi, watau ma'aikaciyar gona ce da ba a biya. In kaka ta yi sai ta kwashi 'ya'yanta ta nufi gabashi da kudancin Afirka, su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabwe, inda damina ke farawa daidai lokacin da tamu ke ƙarewa. Ku duba fa, tsuntsuwa ce da ke cin damina biyu a shekara, ba ta san rani ba duk tsawon ranta. Zuwanta yana nuna cewa iskar ruwa ta matso. Fara ginin sheƙarta kuwa yana nuna ta amince za a sami abin ciyar da 'ya'ya.

Akwai kuma waɗanda ba sa tafiya ko'ina, riga kawai suke sauyawa. Jan-gwada, namijin ƙadangare, kansa yakan ƙara ja a wannan lokaci, ya hau katanga yana gyaɗa kai. Belbela takan yi jaja-jaja a ka da ƙirji. In damina ta yi nisa, ciyawa ta fara ido, sai mulufi ya bar rigarsa ta ƙasa-ƙasa ya fito ja da baƙi a kan karan dawa, zalaidu kuma ya saki doguwar wutsiyarsa. Kowane ɗayansu yana da lokacinsa, kuma jerin nan ba ya rikicewa sai in shekarar ce ta rikice.

MASU KWANA A ƘARƘASHIN ƘASA

Daren da aka yi ruwan kirki na farko, ku fita bayan gari ku saurara. Kududdufin da jiya yara ke ƙwallo a cikinsa, yau ya cika da kukan kwaɗi. Ba daga sama suka faɗo ba. Tun kaka suka binne kansu a cikin laka suna jira. Gaiwa ta fi su haƙuri: in fadama ta ƙafe sai ta nutse cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar ƙofa ta shan iska, don tana da huhu. Hausawa suka ce gaiwa jikinta take ci, masu bincike kuma sun tabbatar da naman jikinta take narkarwa har ruwa ya dawo. Da magariba shinge ya taso daga suri ya rufe fitila, kaji da ƙadangaru da jemagu da yara kowa ya sami rabonsa. Da safe kuma ka ga ɗan jan ƙwaron nan mai laushi kamar karammiski yana tafiya kan jiƙaƙƙen rairayi. Waɗannan duka ba sa fitowa don yayyafi, sai ruwan da ya ratsa ƙasa.

BAƘIN DA KE KOMAWA AREWA

Yanzu bari in komo kan bazarar Turawa, domin akwai igiyar da ta ɗaure ta da tamu. Da yawa daga cikin tsuntsayen da Bature ke murnar gani a watan Afrilu, a wurinmu suka yi hunturu. Wanda ya je fadamun Haɗeja da Nguru cikin Janairu zai ga agwagin ruwa da tsuntsayen bakin gulbi dubbai, waɗanda aka ƙyanƙyashe a Turai da Rasha. Cikin Maris da Afrilu sai su shiga ci ba ƙaƙƙautawa, wasu ƙananan har nauyinsu ya kusa ninkawa, domin a gabansu akwai hamada mai faɗin kusan kilomita 2,000 wadda ba ci ba sha a cikinta. Tafiyarsu alama ce a gare mu cewa bazara ta tsaya, isarsu kuma alama ce ga mutanen can cewa sanyi ya wuce.

Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba, har wasu malamansu suka ce tsattsewa a cikin laka take kwana duk hunturu. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa ta Turai a arewacin Jamus, da mashin mutanen Afirka soke a wuyanta, ta yi doguwar tafiyar nan da shi. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock.

Ga kuma labarin da na fi so ku riƙe. A bazarar 1969, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda bai kai gwara nauyi ba, ya ragu da fiye da kashi biyu bisa uku a shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka gane ƙarancin ruwan sama ne a yankinmu na bakin hamada, inda yake hunturu, ya hallaka shi. Babban farin da ya kashe dabbobi da mutane a ƙasashenmu ya tsananta ne daga 1972 zuwa 1974. Watau ɗan tsuntsu ya kai labarin masifarmu Ingila shekaru kafin hukumomi su farga. An ji labarin ne kuwa domin a can akwai mutanen da ke ƙirgawa suna rubutawa kowace shekara. Wannan ita ce amsata ga abokin aikina.

MANYAN DAWA

Mai son ganin manyan namun daji, ƙarshen rani ne lokacinsa. A Yankari ta ƙasar Bauci, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ciyawa takan kwanta, ruwa ya ƙafe ko'ina sai kwarin kogin Gaji, saboda haka giwaye da ɓauna da gwanki sukan taru a nan. Ruwa na sauka sai su watse cikin daji, ganinsu ya yi wuya. A Nijar kuma, kusa da Kure, gabas da Yamai, akwai ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma. Da damina suna kan tudu, da rani su gangara kwarin Dallol Boso, inda gawo ke ciyar da su. A 1996 saura 49 kacal suka rage. Da hukuma da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai aka daina farautarsu, cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600. Da ba a ƙirga su ba, da sun ƙare ba wanda ya sani.

SHAFUKAN DA AKE YAGEWA

Jama'a, littafin nan da nake ba ku labari ana yage shafukansa a gaban idonmu. Wa a cikinku ya ga gauraka a fadama da idonsa? Iyayenmu sun tashi suna jin kukanta, yau ta kusa ƙarewa a Nijeriya. Ungulu, wadda da ba a raba ta da mahauta da bakin kasuwa, a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da cinikin sassan jikinta. Mushen da take kwashewa kyauta yanzu sai ya ruɓe a bayan gari. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun ba Kano ruwan sha da noman rani, wannan gaskiya ne. Amma sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunci da makiyayi da mai shinkafa da tsuntsu duk suka ji a jikinsu. Waɗanda suka tsara irin waɗannan ayyuka mutane ne masu ilmi kamarku. Gobe ku ne za ku zauna a kujerunsu, fayil zai zo gabanku, ku sa hannu a kan dajin da ba ku taɓa takawa ba.

Ba ina cewa duk alamar da tsofaffi suka faɗa daidai take ba. Na ga shekarar da shamuwa ta yi sheƙa, ruwa kuma ya yi gardama. Yanayin duniya ma yana sauyawa, alamar da ta yi wa kakanninmu aiki tana iya saɓa mana. Amma ta yaya za mu rarrabe ta ƙwarai da ta banza in ba mu rubuta mun gwada ba? Hukumar kula da yanayi tana fitar da hasashen damina kowace shekara, abu ne mai amfani, sai dai tashoshinta ba su kai yawan ƙauyukanmu ba. Gawo da kwaɗo kuwa suna kowane ƙauye.

ABIN DA NAKE ROƘO

A 1736 wani mai gonaki a Norfolk ta Ingila, Robert Marsham, ya fara rubuta ranar da kowane itace ya yi toho da ranar da kowane tsuntsu ya iso. Zuriyarsa suka ci gaba har 1958. A birnin Kyoto na Japan akwai tarihin ranar da wani itace ke cika fure tun daga ƙarni na 9. A 2021 furen ya cika ran 26 ga Maris, saurin da a lokacin ba a taɓa gani ba cikin shekara wajen 1,200. Da irin waɗannan rubuce-rubuce na mutane marasa na'ura masana ke auna ɗumamar duniya yau. Mu namu ilmin ya daɗe a baki, amma yana cikin kan tsofaffi, kowace shekara kuwa muna kai wasunsu makwanci.

Saboda haka abu uku nake roƙo. Na farko, kowa ya sayi ɗan littafi, ya zaɓi itace biyar da tsuntsu biyar a harabar nan ko a garinsu, ya riƙa rubuta ranar toho, ranar fure, ranar zuwa, ranar tafiya, ranar ruwan farko da ranar ruwan shuka. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan asuba zuwa hantsi, da kuma la'asar sakaliya. A tafi a hankali, a rage surutu, a bar gwafa a gida, kada a taɓa sheƙa. Na biyu, in an yi hutu ku zauna da tsofaffi, manoma da makiyaya da mafarauta da masunta, da iyayenmu mata masu tsintar kaɗanya, ku rubuta sunayen da alamun da bakin da suka faɗe su. Suna in ya ɓace, sanin abin ma yakan bi shi. Na uku, ita wannan ƙungiya ta ajiye babban littafi guda, masu fita su miƙa wa masu shigowa. Wanda ya so ƙarin horo, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a Jami'ar Jos, wadda tun 2015 take jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya da taimakon 'yan sa kai.

Shekara ɗaya ba za ta nuna muku kome ba. Shekara goma za ta fara magana. Shekara talatin kuwa, wani malamin gona da ba a haifa ba tukuna zai buɗe littafinku, ya tsira daga irin kunyar da na sha, wani mai iri mudu huɗu kuma ya tsira da irinsa.

Da nake shigowa ɗazu na ga kukar da ke bayan wannan zaure ta fara toho. Wanda ya riga fita, ya duba ya rubuta kwanan watan yau.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka.